Naɗin Takarda: Aikin da Mai Ɗinkin Faifai Ta Riga Ta San Rabinsa

A 'yan shekarun nan wani irin aikin hannu ya yawaita a bidiyoyin da ke yawo a Facebook da TikTok da YouTube. Za ka ga hannaye biyu da siririyar takarda mai launi, an saƙala bakinta a ɗan tsinke ana murzawa har ta naɗe, a sake ta ta ɗan buɗe, a ɗiga mata gam, a matse gefe guda da yatsa, sai ga fallen fure ya fito. A jera irinsa shida a kewayen wani ɗan ƙaramin naɗi, fure ya kammala. Turawa na kiran aikin kwilin, mu kuwa mu ce naɗin takarda. Matasa da matan aure da yawa sun gani sun yi sha'awa, sai dai abin da ke biyo bayan sha'awar kusan iri ɗaya ne. Mutum ya dubi kayan aikin da ke cikin bidiyon, tsinke mai mariƙin roba da allo mai ramuka da takardu yankakku launi-launi a cikin leda, sai ya yanke hukuncin cewa wannan na 'yan birni ne, sai wanda ke da mai aiko masa da kaya daga Legas ko Dubai. Wannan hukunci kuskure ne. Yarinyar da ke Kiyako a ƙaramar hukumar Birnin Kudu, ko ɗalibin da ke Sara ko Basirka a Gwaram, na iya fara aikin yau da abin da ke cikin gida da shagon unguwa. Kuma wanda ya gina shi a kan zanen gida, ya bar kwaikwayon na cikin waya, shi ne zai samar da abin da mutanensa za su yarda su rataya a ɗaki.

Tarihin aikin kansa shi ne shaida ta farko. A ƙarni na 16 da na 17, mata masu zaman zuhudu a gidajen ibadar Kiristoci na Faransa da Italiya sun riƙa ƙawata bangon littattafai da akwatunan kayan ibada da naɗaɗɗiyar takarda. Abin da suke kwaikwayo shi ne aikin maƙeran fari, masu lanƙwasa siririyar wayar zinariya da azurfa su fitar da ado. Zinariya ta fi ƙarfinsu, sai suka koma ga abin da ake yankewa daga gefen littattafai, musamman gefen da aka shafa wa ruwan zinariya. Idan aka naɗe shi aka tsayar da shi a kan gefensa, mai kallo daga nesa sai ya ɗauka ƙarfe ne mai daraja. A ƙarni na 18 aikin ya shiga ɗakunan matan masu hali a Ingila, inda suka riƙa yi wa akwatunan ganyen shayi da ƙananan kabad ado da shi, har marubuciya Jane Austen ta sa shi a littafinta Sense and Sensibility na 1811, inda wata budurwa ke ƙawata kwando don wata ƙaramar yarinya, wata kuma tana taya ta naɗi. A yau akwai irin su Yulia Brodskaya, 'yar Rasha mazauniyar Ingila, wadda manyan kamfanoni ke ba kwangilar hotunan talla da take haɗawa da tsayayyun takardu. A farkon wannan doguwar tafiya kayan aikin bai wuce ragowar takarda da tsinke da abin liƙi ba. Akwatin kayan da ake tallatawa a intanet 'yan kasuwa ne suka haɗa shi daga baya don sauƙaƙawa, kuma yana sauƙaƙawar, amma aikin ya girme shi da ɗaruruwan shekaru.

Shaida ta biyu tana cikin gidajenmu. A ɗauki faifai a dube shi da kyau. Daga cibiya aka fara shi, aka matse naɗin farko sosai, sannan aka riƙa zagayawa ana ƙara faɗi, ana sauya kabar da aka rina da galura a daidai wurin da ake son zane ya fito. Mai ɗinkin faifai ta san cewa idan cibiya ta karkace dukan faifan ya karkace, ta san cewa jan hannu dole ya zama iri ɗaya daga farko har ƙarshe, ta kuma san lissafin launi ba tare da ta rubuta komai ba. Waɗannan abubuwa uku su ne ginshiƙin naɗin takarda. Haka mai ɗinkin hula, wadda ke bin zanen biro a kan farin yadi tsawon makonni tana cika gida-gida da zare, ta riga ta mallaki haƙurin da aikin ke nema. Mai zanen lalle kuwa ta san yadda ake shimfiɗa reshe da ganye su cika fili ba tare da cunkoso ba. Tun a 1972 Polly Hill, a littafinta kan ƙauyen Batagarawa na ƙasar Katsina, ta nuna irin girman sana'a da cinikin da matan Hausawa ke gudanarwa daga cikin gida ba tare da sun taka kasuwa ba. Aikin da ba ya buƙatar lantarki, ba ya hayaƙi, ba ya cin fili fiye da faranti ɗaya, kuma ana iya ajiye shi a tashi a duba tukunya a dawo, ya dace da wannan tsari na rayuwa ƙwarai.

To, da me za a fara? Takarda ce kan gaba, kuma a nan ne mai koyo ya fi yin asarar kuɗi a banza. Takardar fotokwafi da aka sani, mai girman A4, faɗinta santimita 21 ne, tsawonta 29.7, nauyinta kuma yawanci giram 80 a kowace murabba'in mita. Wannan nauyi ya yi daidai da naɗi, kuma har zuwa giram 120 babu laifi. Kwalin da 'yan makaranta ke saye don zanen bango ya yi kauri, yana karyewa a wurin lanƙwasa. Idan aka yanka fallen A4 ta tsawonsa a faɗin milimita 5, za a sami sirara 42, in kuma a milimita 3 ne za a sami 70. Fure mai falle shida da cibiya ɗaya yana cin sirara 7, ke nan takarda guda ɗaya tak, a faɗin milimita 5, tana ba da fure shida. Mai koyo ya fara da milimita 5, domin ya fi riƙuwa a yatsa, ya bar milimita 3 sai hannu ya faɗa. Akwai wani abu da bidiyo ba ya faɗa: a wannan aiki gefen takarda ake gani, fuskarta kuwa tana ɓoye a cikin naɗi. Saboda haka takardar da aka buga wa launi a fuska kawai, irin ta mujalla ko kalanda, za ta fito da farin baki. Kafin a saya, a yagi ɗan gefe a duba ko launin ya ratsa har ciki. Ita kuma takarda tana da ɓangaren da ta fi son lanƙwasuwa, don haka a yanki siriri ɗaya ta tsawo, ɗaya ta faɗi, a naɗe duka biyun, a riƙe wanda ya naɗu sumul babu kararraya. Ga batun tsada kuwa, gaskiya ne takarda ta yi kuɗi, tunda masana'antunta na Jebba da Iwopin da Oku-Iboku sun daɗe ba sa biyan buƙatar ƙasa, mafi yawan abin da muke amfani da shi daga waje yake zuwa, farashinsa na bin dala. Amma duk maɗaba'ar da ke buga katin ɗaurin aure da rasit da littafin makaranta tana da injin yanka, kuma a ƙarƙashin injin nan ana tara dogayen sirara da za a share a ƙona. Mai zuwa Birnin Kudu ko Dutse ko Kano ya roƙi a tara masa, ko ya biya ɗan abin da ya sauƙaƙa a yanka masa takardunsa a injin, wanda zai fi yankan hannu daidaito nesa ba kusa ba.

Sauran kayan ba su kai a tsaya dogon bayani a kansu ba. Reza sabuwa da rula ta ƙarfe don yanka, a kan katako mai santsi ko kwali mai kauri, kuma yara ƙanana su bar wannan ɓangare ga manya. Tsinken naɗi ana yin sa da allura mai babban ido: a gutsure saman idon da filaya ya zama baki biyu, a goge kaifin a kan dutse, a soke tsininta a cikin guntun kara ko itace ya zama mariƙi. Wanda bai sami wannan ba ya tsaga bakin tsinken sakace da reza, ko ya naɗa a kan tsinken haka nan. Don daidaita girman naɗi, a zana da'irori a kan kwali da murfin kwalba ko murfin biro, a shimfiɗa farar leda a kai don kada gam ya kama, a tanadi fil na tela don riƙe abin da aka jera. Matsefata na taimakawa wajen ɗaukar ƙananan naɗi. Gam ɗin da ya dace shi ne farin gam na kafintoci, irin su Top Bond, domin idan ya bushe ba ya nuna kansa. Ƙaro, wanda Jigawa ke cikin jihohin da suka fi samar da shi, yana liƙa takarda kuma ya isa a yi gwaji da shi, sai dai yana sakewa idan ya ji danshi. Kokon rogo ko na fulawa kuwa a guje shi, kiran kyankyaso da gara ne.

Yanzu ga naɗin kansa, wanda ya kamata a tsaya a kansa sosai, domin duk abin da za a gina daga baya a kansa yake zaune. A saka bakin takardar a tsagar allura, kada ya leƙo ta ɗaya gefen fiye da kima. Hannun dama na juya mariƙi, babban yatsa da manuni na hagu suna tallafe da naɗin ta gefe biyu don kada wani zagaye ya hau sama wani ya sauka ƙasa. Ba a ja da ƙarfi, ba a kuma sakin jiki. Idan an kai ƙarshe akwai zaɓi biyu. Ko a liƙe bakin nan take a sami matsattsen naɗi, wanda ake sa wa a cibiyar fure, ko a zare shi daga allura a ajiye a cikin da'irar da aka zana, a bar shi ya buɗe da kansa har ya cika da'irar, sannan a liƙe. Wannan sakakken naɗi shi ne uwar siffofi. A matse gefe ɗaya, ya zama ɗigon ruwa. A matse gefe biyu masu fuskantar juna, ya zama ido. A ɗan karkata bakunan idon, ɗaya dama ɗaya hagu, ya zama ganye. A yi ido, a juya shi a sake matse tsakiyar gefunan, ya zama murabba'i. A matse wuri uku, ya zama mai kusurwa uku. Bakin ƙarshe na takardar a yage shi da hannu maimakon almakashi, domin yagaggen baki yana kwanciya ya ɓace, yankakke kuwa yana barin tudu. Gam kuma ba a matsa shi daga roba zuwa kan aiki. A zuba ɗan kaɗan a murfi, a riƙa ɗiba da tsinin fil, abin da ido da ƙyar yake gani, a riƙe ɗan lokaci har ya kama. Mafi yawan aikin masu koyo da ya fito da datti, yawan gam ne ya ɓata shi, sai kuma gumin hannu, don haka a wanke hannu a ajiye ɗan tsumma a kusa. A lokacin hunturu, da yatsu ke bushewa takarda na sulluɓewa, a ɗan taɓa jiƙaƙƙen tsumma kafin a kama bakinta.

Shawarar da ta fi kowace wuyar karɓa ita ce kada a yi gaggawar yin fure. Mai koyo ya yi yini biyu ko uku yana yin sakakken naɗi kawai, da sirara masu tsawo ɗaya, a da'ira ɗaya, ya jera su ya duba. Ranar da ya ga goma sun fito kamar daga hannu ɗaya, tazarar zagayensu iri ɗaya, ranar ce ya cancanci matsawa gaba. Wanda ya tsallake wannan mataki zai yi fure mai falle ɗaya babba ɗaya ƙarami, ya ɗora laifin a kan rashin kayan waje, ya watsar.

Bayan hannu ya faɗa, tambayar da ta fi muhimmanci ita ce me za a zana. Bidiyoyin intanet cike suke da malam-buɗe-littafi da tsuntsaye da bishiyar Kirsimeti da zuciyoyi, abubuwan da aka yi don wata kasuwa da wasu bukukuwa. Mai kwaikwayon su a Kiyako zai ƙare da abin da ba na can ba kuma ba na nan ba. Alhali kuwa adon da idon Bahaushe ya saba da shi kusan duk layi ne da lanƙwasa da maimaici, wato ainihin abin da siririyar takarda ta fi iyawa. Dagin Arewa layuka ne masu shiga juna, ana iya fitar da shi da tsayayyar takarda mai faɗin milimita 10, a cika gidajensa da ƙananan naɗi. Zayyanar da ake yi wa allon mai sauka da gefen shafukan Alƙur'ani rubutun hannu, da'irori ne da murabba'ai masu ja da ruwan ɗorawa da kore. Bangon fadar Sarkin Dutse, masarautar da Birnin Kudu da Gwaram ke ƙarƙashinta, makaranta ce guda ta haɗa launi. Ga zanen hula, ga aska takwas ta babbar riga, ga sassaƙar ƙwarya. Wanda ya ɗauki takarda da fensir ya kwafi ɗaya daga cikin waɗannan, ya shimfiɗa leda a kan zanen ya riƙa cikawa, zai fito da abin da babu mai sayar da irinsa a intanet. Wannan hanya kuma ta raba shi da muhawarar siffanta abu mai rai, wadda gidaje da yawa ke kiyayewa. Akwai wata kiyayewar da ta fi wannan kusa da aikin yau da kullum: a ragowar maɗaba'a da tsofaffin littattafai akwai takardu masu ayoyi ko sunan Allah, tun daga bisimillar da ke saman katin gayyata. A tace su tun kafin reza ta hau, a ware su inda ake ware irinsu.

Wani zai ce, abin da ya fito daga gidajen ibadar Kiristoci me ya haɗa shi da 'ya'yan Musulmi? Tambayar ba ta raini ba ce, amma tarihin takarda kanta ya amsa ta. A ƙasar Sin aka ƙirƙiro ta, ana danganta ta da Cai Lun a shekara ta 105, ta iso Samarƙandi a ƙarni na 8, kafin ƙarshen ƙarnin ana yin ta a Bagadaza, daga hannun Musulmi kuma ta shiga Turai. A ƙarni na 19 malaman ƙasar Hausa sun rubuta Alƙur'ani da littattafan fiƙihu masu yawa a kan takarda mai tambarin jinjirin wata uku, wadda ake yi a arewacin Italiya, a masana'antu irin na iyalan Galvani, fatake kuma su ratso Sahara da ita. Malaman ba su ƙi ta don ƙasar da ta fito ba, sun dubi abin da za a rubuta a kanta. Naɗa takarda dabara ce ta hannu, hukuncinta na bin abin da aka siffanta da ita da inda aka kai ta.

Ƙorafin da ya fi wannan nauyi shi ne na ƙarko. Takarda ce fa, a ƙasar da ke da ƙurar hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu, da danshin Agusta, da gara, da rana mai cinye launi. Wannan gaskiya ne, kuma duk mai koyar da aikin da ya ɓoye shi ya cuci ɗalibansa. Naɗaɗɗiyar takarda tana da ƙarfi idan an danna ta daga sama, amma ba ta da kariya daga ruwa, kuma ƙurar da ta shiga tsakanin zagayenta ba ta fita da sauƙi. Abin da wannan ke nufi shi ne a zaɓi abin da za a yi da hankali. Aikin da aka rufe a firam mai zurfi da gilashi, aka toshe bayansa, aka rataya a bangon da rana ba ta dukansa kuma ba ya jiƙa, zai yi shekaru, shaida kuwa ita ce akwatunan ƙarni na 18 da har yanzu ke gidajen tarihi na Ingila, ƙasar da ta fi mu danshi. Kafintan gari zai iya haɗa firam ɗin, mai yankan gilashi ya yanka, kuma a sa kuɗinsu a lissafi tun farko. 'Yan kunnen takarda, da bidiyoyi ke yawan tallatawa a matsayin hanyar samun kuɗi nan take, ba su dace da mu ba. Matar da ke alwala sau biyar a rana tana shafar kunne ba za ta saye su karo na biyu ba, ko da an shafa musu man ƙumba mai sheƙi. A damina kuma a ajiye sirara da aikin da ba a gama ba a cikin roba mai murfi, nesa da ƙasa.

Sai babban ƙorafi: wa zai saya? A nan ma ya kamata a faɗi gaskiya. A Amurka da Turai katin gaisuwa ne kasuwar wannan aiki, har kamfanin Quilling Card ya ɗauki ɗaruruwan mata a Biyetnam suna naɗa katuna da hannu ana kai wa Amurka. Mu ba mu da al'adar aika kati, barka da Sallah ma ta koma WhatsApp. Wanda ya tara katuna yana jiran masu saye a Kiyako zai daɗe yana jira. Amma muna da namu wuraren da ake kashe kuɗi a kan ado ba tare da ƙyashi ba. Akwai jeren ɗakin amarya, inda firam mai sunan ango da amarya da ranar ɗaurin aure zai sami gurbi a bango. Akwai walimar saukar Alƙur'ani, da suna, da bikin yaye ɗalibai, da kyautar da ake miƙa wa shugaban makaranta ko ma'aikacin da aka yi wa sauyin wurin aiki. Akwai kwalayen turaren wuta da humra da masu sayarwa ke son su bambanta da na kowa. Dukan waɗannan aikin oda ne, mai suna da kwanan wata, abin da kayan Sin na kasuwa ba za su iya yi wa mutum ba. Birnin Kudu gari ne mai Cibiyar Lafiya ta Tarayya da tsohuwar kwalejin gwamnati da ma'aikata masu albashi, Dutse kuma na da jami'ar tarayya da ma'aikatun jiha, hoto ɗaya a WhatsApp ya isa ya kai aiki can. Duk da haka kasuwa ce ƙarama, ba za ta ɗauki mutum hamsin a gari ɗaya ba. Ma'aunin da ya dace shi ne mai aikin ta ƙirga awannin da firam ɗaya ya ci, ta tambayi kanta nawa waɗannan awanni za su kawo mata a ɗinkin hula ko faifai. Idan kuɗin firam, bayan an cire na kafinta da gilashi da gam, bai kai haka ba, to ta riƙe naɗin takarda a matsayin abin sha'awa da kyauta ga 'yan uwa, kada ta saki sana'ar da ke ciyar da ita. Kada kuma kowa ya ci bashi ko ya sayar da akuya don sayen kayan aikin waje kafin ya sami odar farko.

Masu cewa wasan yara ne kuwa, da sun san amfaninsa ga yaran da sun ƙarfafa shi. Manhajar ilimin bai-ɗaya ta Najeriya tana da darasin al'adu da fasahar ƙirƙira, amma a makarantu da yawa aikin hannu ya koma a ce yaro ya kawo tsintsiya ko mafici, uwarsa ta saya a kasuwa ya kai a ba shi maki. Yaron da aka ba rula ya auna milimita 5 sau arba'in a kan takarda ɗaya ya koyi awo fiye da wanda ya haddace shi a allo. Wanda ya raba da'ira gida shida don ya jera fure ya taɓa lissafin kusurwa da hannunsa. Ga tarbiyyar zama wuri ɗaya a gama abu, wadda waya ke ƙwace wa yaranmu kullum. Kuɗin da aji guda zai ci bai wuce na 'yan takardu da robar gam ɗaya ba, in malami ya yanka sirara tun daga gida don kada reza ta shiga hannun yara. Abin lura kawai shi ne haske: aiki ne mai cin ido, a yi shi da rana a inuwa, a riƙa ɗaga kai ana hutawa, kada a yi shi da fitilar waya da dare.

Don haka kira na ga shugabannin makarantun firamare da na Islamiyya a Kiyako da sauran garuruwan Birnin Kudu da Gwaram, su ware darasi ɗaya a zangon karatu mai zuwa su gwada, su kuma gayyato wata mai ɗinkin faifai ko hula daga cikin unguwa ta zauna tare da malami, ita ta duba daidaiton naɗi da haɗin launi. Masu maɗaba'a a Birnin Kudu da Dutse kuma, don Allah ku daina ƙona sirarar takarda masu tsabta da ke zuba a ƙarƙashin injinku, ku ɗaure su ku ba makarantar da ke kusa da ku.